Ƙararrawar Malam Mumuni

Malam Mumuni ya faɗi wata Talata da hantsi, a bayan turken ragonsa, ya kwanta nan har inuwar katanga ta janye ta bar shi cikin rana. A wuyansa akwai wani ɗan maɓalli rataye da zare, bai fi ƙwallon goruba ba. Ya danna shi ya fi sau goma. Ƙararrawar da ya kamata ta yi kuka a gidan ƴarsa Zubaida ba ta ce uffan ba. Wata mai tallar nono ce ta leƙo ta gan shi, ta yi kururuwa.

Bai karye ba, jirin hawan jini ne ya kayar da shi. Amma labari ya riga ya kai Tasawa, wurin babban ɗansa Sirajo, kuma washegari kafin azahar motar Sirajo tana ƙofar gida.

Zubaida ce ta haɗa wannan ƙararrawa da hannunta. Ta koyi aikin pano, wato faifan wutar rana, a Maraɗi, kuma rabin gidajen da ke da wutar rana a ƙauyukan Kanan-Bakashe ita ta ja musu waya. Tana aure a nan cikin gari, gida biyu ne tsakaninta da mahaifinta. Tun da mahaifiyarsu ta rasu tsohon yake zaune shi kaɗai, ya ce ba mai raba shi da ɗakin da aka haife shi a ciki. An saya masa salula, yana barin ta a aljihun rigar da ya rataye, rezo kuma, wato sabis ɗin waya, yau akwai gobe babu. Shi ya sa ta yi dabarar maɓalli.

Sirajo bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ja ta zaure.

"Ke, wannan abin wasan yaran ne kika rataya wa Baba a wuya kika ce mu kwantar da hankali?"

"Yaya, na gwada shi. Wallahi na gwada ya fi a ƙirga."

"To ina ya yi? Me ya hana ki sa wifi irin na shagona? Shi kowa ya san shi."

Ta yi masa bayanin da ta riga ta yi masa a waya watanni uku da suka wuce. Wifi mai ci ne, maɓalli mai ƙaramin batir ba zai daɗe da shi ba, kuma ba ya ratsa katangar ƙasa biyar ya kai gidanta. Bulutus kuwa ko tsakar gida ba ya ƙetarewa da kirki. Shi ya sa ta zaɓi wanda ake kira Zigbi. Shi ba ya buƙatar rezon gari, batirin maɓallinsa yana kai shekara, saƙo kuma ba tsalle ɗaya yake yi ba. Ta sa ampul, wato ƙwan fitila, uku na musamman: ɗaya a zauren Baba, ɗaya a ƙofar gidan Baba Halilu maƙwabcinsu, ɗaya a bangon masallacin unguwa. Kowane ampul yana karɓar saƙo ya miƙa wa na gaba, har ya isa akwatin da ke ɗakinta.

"Na ji turancinki," in ji Sirajo. "Ni abin da na sani, ubana ya kwanta cikin rana kamar wanda ba shi da kowa. Juma'ar mako mai zuwa zan dawo. In wannan abin bai yi kuka a gabana ba, zan tahi da shi Tasawa. Na riga na sa an share mishi ɗaki."

Tsohon yana jin su daga kan tabarmarsa. Sai ya juya fuskarsa bango. Zubaida ta san abin da ɗakin Tasawa yake nufi. Mutumin da ya shekara saba'in da takwas yana buɗe ido ya ga rumbunsa da ragonsa da kushewar iyayensa, in aka kai shi ɗakin siminti ya zauna yana kallon fanka, ba zai ga damina biyu ba. Sirajo ma ba mugunta yake yi ba, tsoro ne ya kama shi, kuma yana da gaskiyarsa.

Ta kama aiki. Ranar Alhamis da ta dawo daga wani aiki a Mayahi, bayan magariba, ta sauya batirin maɓalli ta danna. Ƙararrawa ta yi kuka har ƴaƴanta suka toshe kunne. Ta je bayan turke, daidai inda ya faɗi, ta danna. Nan ma ƙararrawa ta yi kuka. Ranar Asabar da rana tsaka, sai ta tuna ta aika a ce wa Baba ya danna. Shiru. Ta zargi kwanon rufin Baba Halilu, ta ce zafin rana ne ke hana saƙo wucewa, ta matsar da ampul ɗin kamu uku. Da dare komai ya yi daidai. Lahadi da hantsi, shiru. Ta zargi batirin pano, ta auna, ta tarar a cike yake.

Sai ranar Litinin ta zauna ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko, wato tunani. Duk gwajin da ta taɓa yi kafin Baba ya faɗi, bayan magariba ta yi shi, don lokacin take dawowa gida. Duk sa'ad da abin ya ƙi, rana ce. Mai aikin da yake gwada kayansa a lokacin da ya fi masa sauƙi kawai, bai gwada ba, kansa ya ruɗa. Ta ji kunya ita kaɗai a ɗaki.

Washegari ta fasa fita aiki. Da gari ya waye ta ɗauki kujera ƴar tsugunno ta zauna a bakin ƙofarta, inda take hango layin gaba ɗaya. Mutane sun watse daga masallaci, sai Malam Mumuni da ya saba zama yana lazimi har rana ta ɓullo. Can ya fito yana dogara sanda. Ya tsaya a bangon masallaci, ya ɗaga hannu, ya kashe makunnin fitila. Ya taka a hankali zuwa ƙofar Baba Halilu, ya kashe ta nan ma. Ya nufi zaurensa.

Zubaida ta dafe kai. Ita ta saita fitilun su mutu da kansu in rana ta ɗaga, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wani yana riga su ba. Ampul ɗin nan, ko ba ya haske, muddin wuta na shigarsa yana saurare yana miƙa saƙo. Amma in aka kashe shi daga makunnin bango, ya mutu ke nan, hanya ta yanke. Da magariba kuma tsohon nan zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya kunna.

Ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, kai ne kake kashe fitilun nan kullum?"

"In ban kashe ba wa zai kashe, Uwata?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Shekara talatin da ɗaya ni ke hure fitilar masallacin nan, tun tana ta kalanzir. Rana ta hito, fitila na ci? Wannan almubazzaranci ne. Halilu kuwa ko gidansa na cin wuta ba zai tashi ba sai ya ji ƙamshin kunu."

"Wa ke ambatona da sassafe?" Baba Halilu ne ya ɗaga labule ya shigo. Shi taubashin Malam Mumuni ne, tun suna yara suke tsokanar juna. Da ya ji abin da ya faru, sai ya zauna ya yi dariya har da tari.

"Kai, Mumuni! Ashe kai ne ɓarawon kanka! Ka datse igiyar guga sannan ka faɗa rijiya kana kira a jawo ka."

"Rufe mana baki, ragon banza. Wa ya gaya mini igiya ce?"

Maganar ta soki Zubaida, don gaskiya ce. Ba wanda ya gaya masa. Ta zo ta ja wayoyi, ta rataya masa abu a wuya, ta ce in ya ji jiri ya danna, shi ke nan. Ta ɗauka tsoho ba zai gane ba. Wannan cuta ce da ke damun masu ɗan ilimin zamani da yawa: suna yi wa iyayensu hidima kamar yadda ake yi wa jariri, sannan su yi mamaki in hidimar ta lalace. Mutumin da ya san ranar shuka da kallon sama ba zai kasa gane ampul uku ba.

"Laifina ne, Baba," ta ce. "Ka tuna lokacin da aka gina masallacin nan? Yaya kuka kai tubali daga bakin kududdufi?"

"Layi muka yi. Wannan ya miƙa wa wannan."

"In mutum ɗaya ya fita daga layi fa?"

"Tubali ya tsaya." Ya dubi ampul ɗin da ke saman kansa. "To su ne ƴan layin?"

"Su ne. Kai kuma kullum da safe kana sallamar su duka ukun."

Baba Halilu ya ce a cire makunnan gaba ɗaya a huta. Zubaida ma ta yi tunanin haka, amma ta dubi hannun mahaifinta ta fasa. Hannun da ya saba wani aiki shekara talatin, in ka hana shi, zai nemi wata hanya. Gobe sai ya hau turmi ya kwance ampul ɗin, ya sake faɗuwa.

Ta koma gida ta buɗe jakar kayan aikinta. Ta cire tsofaffin makunnan uku, ta haɗa wayoyin kai tsaye yadda wuta ba za ta yanke ba. A gurbin kowanne ta manna wani makunni mai batir, wanda ba ya yanke wuta, sai dai ya aika wa ampul saƙo ya rufe ido. Guda biyu take da su, na ukun ta ciro daga ɗakin girkinta. Sannan ta kira shi ya gwada. Ya danna, haske ya ɗauke.

"Yanzu ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya rufe ido, amma kunnensa a buɗe."

"Yana cin wuta ke nan."

"Yana ci, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ɗan kaɗan ne, pano ba ya ko jin sa."

Ya sake danna makunnin, haske ya dawo. Can ya ce, "Mai gadi ma ana ba shi abinci. Wannan ba ɓarna ba ce."

Shi da kansa ya ƙara wani abu da ita ba ta yi tunaninsa ba. Ya ce tun da kullum zai bi fitilun ya kashe, in ya iso zaure zai danna na wuyansa sau ɗaya. In ta ji, ta san layi lafiya, shi ma lafiya. Ranar da ba ta ji ba, ta zo, ko shi ne ko kayanta ne. Batiran kuwa, ya ce a riƙa sauya su duk ranar da aka zuba sabon gero a rumbu, don wannan ranar ba mai manta ta.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sirajo ya iso, kujerar bayan motarsa shimfiɗe da bargo da matashi. Bai yarda kowa ya taɓa maɓallin ba. Ya cire shi daga wuyan mahaifinsa, ya ce Zubaida ta tsaya nan kusa da shi, hannunta a fili. Rana tana tsakiyar ka, fitilu uku duk a rufe. Ya je bayan turken rago ya danna.

Daga can ƙarshen layi ƙararrawa ta ɗauka, siririya amma ba mai musun ta.

Bai gamsu ba. Ya shiga ɗakin tsohon, ya rufe ƙofa, ya danna. Ta yi kuka. Ya zagaya bayan rumbu, ya tsuguna har ƙasa kamar wanda ya faɗi, ya danna. Wannan karon kafin ta yi shiru sai ga mijin Zubaida ya faɗo gidan da gudu, ba takalmi, lomar tuwo a hannunsa, don ba wanda ya gaya masa gwaji ake yi. Baba Halilu yana biye da shi yana haki.

"Ka ga wannan?" in ji Malam Mumuni, yana nuna taubashinsa da sanda. "Abin da ya tayar da Halilu daga kan akushi, ai ya isa a yarda da shi."

Sirajo ya yi dariyar da bai shirya ba. Ya tsaya yana juya maɓallin a tafin hannunsa, sannan ya durƙusa ya mayar wa mahaifinsa a wuya, ya gyara zaren.

"Baba, ranar da ya sake ƙi, zan dawo."

"Ka dawo ko bai ƙi ba. Hanyar ba ta cizo."

Ya juya wurin ƙanwarsa. "Ke kuma injiniya, in kin samu sarari ki zo ki duba mini wifin shago. Amma ki yi mini bayani da Hausa."

Da la'asar motar ta kama hanyar Tasawa. A kujerar baya, kan bargon da aka shimfiɗa wa tsoho, buhun wake ne a zaune. Washegari da rana ta ɓullo, Zubaida tana dama kunu, ƙararrawa ta yi kuka sau ɗaya ta yi shiru. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da damunta.