Sallamar Maman Ezinne

"Ko cokali ɗaya ne, Maman Ezinne, ki daure," in ji Mero, tana riƙe da kofin kunun da ya riga ya huce.

Lucia, wadda ake kira Maman Ezinne, ta buɗe baki kaɗan. Cikinsa duk fararen ƙuraje ne, dasashinta yana tsattsafo da jini. Ta kurɓa, ta runtse ido kamar ta haɗiyi ƙaya, sannan ta ture hannun.

"Ka bar shi haka, Mero. Ya isa." Hausarta ke nan tun da can, irin ta mutanen Fadan Kagoma, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta.

Kwanansu arba'in da ɗaya ke nan a ɗakin mata na wani babban asibiti a Jos. Tun faɗuwar daminar 1991 Lucia ta yanke jiki ta faɗi a kan buhunan cittarta a kasuwar Kafanchan. Aka yi ta maganin zazzaɓi, aka koma na taifot, har dai aka rubuta musu takarda zuwa Jos. A nan likita ya ce kansar jini ce, jinin jikinta ne da kansa yake lalacewa.

Shekara goma sha shida katanga ɗaya ce tsakanin Mero da Lucia a bayan kwatas ɗin reluwe. Mijin Lucia, Uzochukwu, makanikin jirgin ƙasa ne, ba ya samun zuwa sai Asabar. 'Yarsu tilo, Ezinne, tana makarantar kwana a Manchok tana jarrabawar ƙarshe, kuma uban ya hana a gaya mata komai. Ita kuwa Mero mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure. Sai ta kife tandar masarta, ta yafa gyale ta biyo su, wai za ta yi jinyar mako guda.

Yanzu har ta haddace ɗakin. Da sassafe a zo a soki yatsa a ɗebi jini. Ƙarfe tara likitoci su zagayo, su yi Turanci a kan mara lafiya kamar ba ta wurin. Ranar da ake ɗura wa Lucia wani jan ruwan magani ta jijiya, Mero ce da riƙon roba har la'asar saboda amai. In an sa ledar jini, Lucia takan wartsake kwana biyu, ta zauna, har ta tambayi nawa citta take a kasuwa. A na uku sai ta sake lafewa. Gashinta ya ƙare a kan matashi, Mero tana tsincewa tana ɓoyewa a gefen zane.

Tagar da ke kusa da gadon tana da ƙarafa da waya, ba abin da ake gani ta cikinta sai bangon ɗakin wanki da zannuwan gado a kan igiya. Mata uku Mero ta ga an fitar daga layinsu a lulluɓe. Ko girki ta fita yi ƙarƙashin mangwaro, inda masu jinya suke hura gawayi, sai ta ji kamar idon Lucia yana bin bayanta, ta sauke tukunya bai gama nuna ba ta koma.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganar Asabar ɗin da ta wuce. A baranda likita ya gaya wa Uzochukwu, ita tana tsaye a gefe, cewa magani ya daina kamawa, sai dai a yi ta ƙarin jini a ga abin da Allah zai yi. Uzochukwu ya juyo ya kama bakin gyalenta, abin da bai taɓa yi ba. Shi ma Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Mero, abeg, kar ka faɗa mishi. In ya ji, zai bar ƙoƙari."

Ta ɗaga kai alamar to. Tun ranar ba ta iya haɗa ido da Lucia sosai.

Yanzu Mero tana ɗauraye cokalin kunun, Lucia ta kira ta a hankali.

"Mero, me likita ya faɗa wa Baban Ezinne?"

"Ya ce a ci gaba da addu'a."

"Kai mai salla ne. Ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba. Duba ni."

Mero ta dube ta. Cokalin ya yi ta ɗigar ruwa a kan zanenta.

"To, na ji," Lucia ta ce, ba ko hawaye. "Ni ma na sani, jikina ya gaya mini. Ba na tsoron Ubangiji ya kira ni. Amma ba a nan ba, Mero. Wannan fanka na sama, na ƙirga juyinsa ya ishe ni. Ina so in kwanta a ɗakina, in ji kina soya masa ta bayan katanga, in ga yarinyata. Ka yi wa Baban Ezinne magana. Ni ba ya ji nawa, kuka kawai yake yi."

Mero ta lura da "kina" ɗin da ya fito daidai sau ɗaya, ta yi ɗan murmushi, sannan ta fita baranda ta sha kukanta.

Ranar Asabar da hantsi Uzochukwu ya iso da ledar lemo wanda matarsa ba za ta iya sha ba. Mero ta tare shi tun a bakin ƙofa.

"Baban Ezinne, ta sani. Ban faɗa mata ba, amma ban iya ƙaryata ta ba. Gida take so."

"Gida? A gida wa zai sa mishi jini? Kana so mutane su ce Uzochukwu ya gaji, ya kwashe matarsa ya kai shi ya mutu?"

"Mutanen da za su faɗa, wa ya kwana a nan cikinsu? Ni na ga abin da allurar nan take yi mata. Ka bar ta ta ga 'yarta da idonta. In ba haka ba, da wane baki za ka yi wa Ezinne bayani?"

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya miƙa mata lemon, ya nufi ofishin likita.

Sai bayan azahar aka gama. Likita ya ja masa kunne, ya sa hannu a takardar cewa da son ransa ya ɗauke ta. Sista Mildred, nas ɗin da ta fi sabawa da su, ta zare allurar hannun, ta manna auduga, ta ce, "Mama, sai ki gai da mutanen Kafanchan." Mero ta ɗaura wa Lucia ɗankwalinta na zuwa coci, ta sa mata riga wadda yanzu mutum biyu za su shiga. Uzochukwu ya tafi tasha neman shatar mota, ya ce ta Manchok za su bi su ɗauki yarinyar.

Lucia ta ƙi jira a gado. Aka ɗora ta a keken marasa lafiya, Mero ta tura ta har ƙarshen baranda inda rana take sauka. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi. Lucia ta miƙa tafin hannunta cikin hasken, ta juya shi.

"Ashe haka waje yake da faɗi," ta ce.

"Sai ma mun hau hanya."

"Mero, cittar da na bari a zaure, kar ya ruɓe. Ka shanya."

"Ke za ki nuna mini yadda ake yi."

Lucia ta jingina kanta a jikin Mero, wadda take tsaye a gefenta. Mero ta ci gaba da ba ta labarin unguwa, wa ya haihu, wa ya tashi. Can ta ji kan ya ƙara nauyi. Ta kira sunanta sau biyu. Ta yi salati a hankali, ta shafe mata ido, amma ba ta matsa ba, don kada kan ya zame.

A haka wata tsohuwar mota Fijo ta shigo ta tsaya a gindin matakala. Uzochukwu ya fito da sauri, ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuya yana gyara sabon matashin da ya sayo a kan kujera, yana bubbuga shi da tafin hannu.