Ranar da Teku Ta Ƙi Tafiya

Duk Bahaushen Greensboro da ya taɓa zama da Salissou ya san labarin Granville, ko yana so ko ba ya so. Garin bakin teku ne a Faransa, inda Salissou, mutumin Damagaram, ya yi shekara huɗu yana aiki a gidan burodi kafin ya zo Amurka ya kama tuƙin babbar mota. Da zarar an ajiye shayi sai ya gyara zama.

"A can teku tafiya take yi," zai ce. "Ta janye har ka daina hango ta. Sai gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa, tsofaffi da yara da karnuka, kowa da bokiti da manjagara da takalmin roba ruwan ɗorawa. Ana tafiya a inda jiya jirgi ya bi, ana tonon ƙumba mai nama. Akwai wata doguwa, kuto suke ce mata. Gishiri za ka zuba a raminta, sai ta leƙo da kanta ka cafke."

Nan ne Surajo, yayan matarsa Bebi, yake faɗuwa da dariya. "Gishiri a teku! Malam Salissou, ka ji tsoron Allah. Mun je bakin teku a nan ma, ba mu ga ta yi balaguro ba."

Dariyar Surajo ba ta taɓa damunsa ba. Abin da ya soke shi daban ne. 'Yarsa Afnan mai shekara tara, wadda a da take roƙon labarin kullum, ta ba da shi a aji, yara suka yi mata dariya. Ta dawo gida ta dube shi ta ce, "Baba, is it even true?" Tun ranar ba ta ƙara tambayar Granville ba, kuma wannan ya hana Salissou sukuni. Hoton intanet ba zai wadatar ba, yana so ta gani da idonta ana yi.

Sai ya nemo Amadou, tsohon abokin aikinsa da har yanzu yake can. Amadou ya rubuto cewa Asabar ta ƙarshen Agusta teku za ta yi babbar janyewa, ƙarfe biyu da rabi na rana. Salissou ya yi tsalle a tsakiyar falo kamar yaro. Ya gayyaci mutane gidansa na Pleasant Garden da ke gefen Greensboro, ya fito da talabijin ƙarƙashin bishiya, ya haɗa shi da waya, ya sayo nama da gawayi. Safiyar Asabar yana tsaka da hura wuta wayarsa ta yi ƙara sau uku. Ya duba, takwas da rabi, Amadou ne.

"Amadou da gaggawa!" ya ce, ya mayar da ita aljihu.

Biyu da rabi na yi tsakar gida ta cika. Bebi na rabon tsire, Surajo ya kafa kujerarsa a gaba don kada komai ya wuce shi, Afnan na gefe ta harɗe hannu. Salissou ya danna kira yana murmushi har kunne.

Fuskar Amadou ta cika talabijin. "Salissou, ina ka shige? Sau uku na kira ka ina tsakiyar yashi!"

"Bon, bar wannan. Juya waya su ga teku."

Amadou ya juya. Ga teku nan cike taf, tana dukan katangar gari, jiragen kamun kifi suna rangaji a kanta, rana tana faɗuwa. Babu bokiti ko ɗaya. A take lissafin ya faɗo wa Salissou: biyu da rabin Faransa Amadou ya faɗa, kuma tsakaninsu awa shida ne, daidai abin da teku take bukata ta dawo ta cika. Mutumin da kullum sai ya lissafa awanni kafin ya kira Damagaram, ɗoki ya mantar da shi.

Surajo ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ai ga ta nan, ta dawo daga tafiya! A yi mata sannu da zuwa!"

Kowa ya dara, Salissou ma ya yi yaƙe. Amma idonsa na kan Afnan, wadda ta tashi ta shige ɗaki. Tsiren nan ko yanka ɗaya bai iya ci ba.

Washegari bai gayyaci kowa ba. Tara da kwata na safe yana zaune shi kaɗai a kicin, Amadou ya kira. Salissou ya jingina wayar da gwangwanin madara, sai hayaniyar Granville ta cika ɗakin: kukan tsuntsayen teku, haushin kare, wata mata tana kiran jikanta. Teku ta tafi. Yashi ne jiƙaƙƙe shimfiɗe iya ganinka, jiragen jiya sun kwanta a kan haƙarƙarinsu, mutane kuwa birjik, jan bokiti, shuɗin riga, takalma ruwan ɗorawa. Wani tsoho yana auna ƙumbarsa da ɗan ma'auni yana mayar da ƙananan. Salissou ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don ashe kewar garin ta fi yadda yake zato.

Bai ji saukowar Afnan ba, sai numfashinta a kafaɗarsa.

"Where's the water?" in ji Afnan.

"Ta tafi, 'yata. Sai anjima za ta dawo."

Amadou ya durƙusa, ya nuna wani ɗan rami, ya zazzaga gishiri. Shiru. Salissou yana addu'a a zuci kada wannan ma ta ba shi kunya. Ramin ya tofo ruwa, sannan wata doguwar ƙumba ta turo kai sama a hankali, Amadou ya cafke.

Afnan ta ƙwalla ihun da ya fito da Bebi a guje. "Mama! Mama, ta fito! Kira Kawu Surajo yanzu yanzu!" Ta ruga ta ɗauko robar gishirin Bebi, ta dawo ta matse jikin ubanta, idonta bai bar wayar ba.

"Baba," ta ce da Hausarta mai tsami, "in mun je, ni zan zuba."