Kujerar Baya

Motar ta mahaifinsu ce, irin mai ja da taya huɗu, ta shekara goma sha tara tana bin hanyar gona. Da ya rasu sai ta zama ta gida. Auta ke tuƙi, yayarsa Malama ke zama a baya da Inna.

Tun da aka yi wa Inna aiki a ƙugu aka sa mata ƙarfe, duk Asabar sai sun kai ta asibiti motsa gaɓa. Likita bai ɓoye musu ba: mako ashirin ne, in an cika su za ta taka da sanda, in an bari gaɓar za ta sandare, shi ke nan. Sun yi bakwai.

Daga gida zuwa asibiti kilomita arba'in da biyu ne, goma sha ɗaya kawai ke da kwalta. Sauran gargada ce da ramuka, sai wani hawa mai tsayi kusa da inda ake fasa dutse. Malama ta san kowane rami, domin kafin a faɗa shi Inna kan damƙe mata hannu, ta cije bakin mayafi. Ba ta taɓa cewa wayyo ba.

Abin da gona ta bayar bana aiki ɗaya zai iya yi wa motar. Shi ya kai su garejin Na-Rami, wani tsohon makanike da ya fi daɗewa a ƙarƙashin mota fiye da a kan kujera. Ya saurari injin, ya kashe, ya zagaya baya ya danna motar da hannu biyu ya saki. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake, ta sake.

"Mai lafiya sau ɗaya take tashi ta tsaya," in ji shi. "Taku kuwa har yanzu tana gaishe ni."

"Baba, maganar inji na kawo maka," Auta ya ce.

"Na ji injin. Ya tsufa, yana shan mai, amma zai kai ku baɗi. Ƙasan ne ya mutu. Sifirin na baya, ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, sun kwanta, biyu sun tsage. Shokozoba kuma, masu shanye gargada, suna nan ne don kada a ce babu."

Malama ta ce a gyara ƙasan. Auta yana da tasa hujjar, kuma ba ƙarya ya yi ba. A damina motar ta mutu a tsakiyar hawan da buhuna a bayanta, sai da masu fasa dutse suka tura shi suna yi masa waƙa. Ya samu inji sabon shigowa a hannun wani dillali, wanda ba zai jira shi ba.

"Awa biyu muke yi, Yaya. Da wannan injin, awa ɗaya da kwata. Wahalar Inna ta ragu kusan rabi. Ke da kike koyar da lissafi!"

"Na koyar da kai ma, ga inda ya kai mu."

Na-Rami ya goge hannu da tsumma. Ya ce shi yana da ƙa'ida: duk wanda ya zo da irin wannan gardama, sai ya zauna a baya, shi kuma ya zaga da shi layin bayan gareji sau ɗaya. "Direba yana da sitiyari a hannu, yana ganin rami kafin ya iso, kuma yana zaune nesa da tayar baya. Bai san motar da yake tuƙawa ba. Ba ni makulli."

Auta ya yi dariya, ya sa makullin a aljihu. "Ni fasinja ne? Shekara tara ina tuƙa ta."

"Minti biyar ne fa, ɗana."

"Ko biyu ne."

Nan Malama ta yi abin da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Ta ce, "To, a tambayi mai zama a bayan. Abin da Inna ta ce, shi za a yi." Tana da tabbacin za ta ci. Shatin farcen Inna na nan a hannunta.

Na-Rami ya dube ta kaɗan. "Ke kaɗai za ki tambaye ta?"

Ba ta kula da tambayar ba.

Sun sami Inna a ɗakinta, jingine da filo biyu, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Auta ya zauna a bakin gado, ya ɗauki ƙafarta yana matsawa kamar yadda ya saba. Malama ta tsaya a ƙofa ta yi bayani dalla-dalla, kamar a aji. Inna ba ita take kallo ba.

"Shi direban me ya ce?"

"Ke ake tambaya, Inna. Ba ya yi miki ciwo in mun faɗa rami?"

"Wane ciwo? Ni barci ma nake yi."

"Inna!"

"Ke dai kin cika ƙorafi, tun kina goye. An ce har waƙa suka yi masa a wajen dutsen nan. Ɗan mutum guda. A sa masa injinsa."

Auta ya sunkuyar da kai yana murmushi. Malama ta ja hannun rigarta ta rufe shatin. Ita ta kafa sharaɗin da bakinta, a gaban shaida.

Kwana huɗu aka yi ana aikin. Na-Rami ya yi shi tsaf, ranar karɓa ya ja kunnen Auta. "Ka bi ta a hankali. Yanzu tana da ƙarfin da ƙasanta ba zai ɗauka ba."

Asabar ta takwas suka fita da safe. Auta ya bi a hankali har kilomita biyar. Daga nan ƙafarsa ta manta. Motar da a da ita ke hana shi gudu yanzu roƙonsa take. Suka haye hawan a giya ta uku, ya danna ham wa masu fasa dutse, suka ɗaga masa guduma. A gangare tayar baya ta faɗa wani rami, ƙarfe ya bugi ƙarfe, Inna ta tashi daga kujera ta dawo a kan gefen da aka yi wa aiki.

"Sannu, Inna," ya ce ta madubi.

"Yauwa, ɗan albarka."

Awa ɗaya da minti ashirin suka yi. Ya nuna wa Malama agogo. A ƙofar asibiti sai da mutum uku suka fito da Inna daga mota. Mai motsa gaɓa ta taɓa ƙugun, ta ga kumburi, ta ce yau ba za a yi komai ba, a kai ta hoto. Ƙarfen bai goce ba. Aka ba su magani, aka ce su dawo mako mai zuwa. Suka koma ta hanyar da suka zo, don babu wata.

Asabar ta tara, Malama ta shiga da ruwan wanka, ta tarar Inna ta juya fuska bango.

"Na ji sauƙi. A huta yau."

Ta goma ta ce kanta ke ciwo. Ta goma sha ɗaya ta ce ita fa ta gaji da 'yan matan nan masu murɗa mata ƙafa kamar wanki. Malama ta nemo motar wani maƙwabci, ƙarama. Mai ita ya ji sunan hanyar ya ce a yi haƙuri. Ta koma wurin Na-Rami ita kaɗai. Ya ce sababbin sifirin da ya ajiye musu suna nan, bai sayar ba, duk ranar da suka shirya. Ita da shi sun san ranar sai wata kakar.

Ta dawo ta rufe ƙofa, ta durƙusa a gaban gado.

"Yanzu babu kowa. Ki faɗa wa Auta gaskiya, ko ki bar ni in faɗa. A sayar da injin."

"Ki faɗa masa me? Cewa shi ya gurgunta uwarsa?" Inna ta gyara filo. "In kika buɗe baki, ni da ke ne."

Asibiti sun kira sau biyu, daga nan suka ba wani lokacinta.

Wata Asabar da la'asar Auta ya shigo da ƙura har gira. Ya ce buhu ashirin da biyu ya ɗauko, bai ko sauya giya a hawan ba. Ya tambayi Inna yaushe za su koma asibiti, mota ga ta nan kamar doki.

"Sai na ɗan ƙara jin ƙarfi," ta ce. "Je ka wanke jikinka."

Da takunsa ya yi nisa, ta miƙa wa Malama hannu biyu. "Ɗaga ni. Ki miƙo fo ɗin fitsarin nan, ki tura ƙofa."