Fitilar Ɗan Fari

Ni Ƙaltume, a unguwar Harra ta Gabas, a birnin Manzon Allah, aka haife ni. Aji uku na yi a makaranta aka cire ni, don haka daga ka nake rubuta wannan, yadda na riƙe shi.

Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka kakata ta taho da abin daga Damagaram. Shekara ashirin da shida ina ce masa "yaron nan". Ƙannensa suna yi mini dariya da Larabci, suna cewa Ummi ta manta sunan ɗanta. Shi bai taɓa dariyar ba, ya san kara ce.

Aikinsa ɗaukar bidiyon biki, ɓangaren maza. A shekarar 1998 ya tsiri bin gidajen tsofaffinmu, waɗanda suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa suka ratso Chadi da Sudan har suka iso nan. Yakan zauna gabansu da kyamara su ba shi labarin hanya. Ya ce mini in suka mutu, hanyar ma ta mutu. Kaset goma sha ɗaya ya cika. Yana haɗa su a shagon Jabir a unguwar Azizya, inda ake kwafar kaset.

Jabir autan maƙwabciyata Fatna ne, na bakwai a ɗakinta. Da ta haife shi ciwo ya kwantar da ita, ni na shayar da shi wata huɗu tare da nawa. Ummi yake ce mini. Yana jin Hausa sama-sama, amma da Larabci yake amsawa.

A watan Rajab na shekarar da ta biyo, mota ta kife da yaron nan a hanyar Yanbu. Aka yi masa salla a Harami, maza suka kai shi maƙabartar Baƙi'a, ni ina tsaye bakin ƙofa. Bayan kwana bakwai Jabir ya kawo mini kyamarar a jakarta, yana kuka. Na tambayi kaset ɗin tsofaffi. Ya ce na'urar sanyi ta lalace a shago, zafi ya narkar da su. Na yarda. Har na ba shi haƙuri.

Bayan shekara biyu Fatna ta aiko mini in zo walima, Jabir ya dawo daga Turai da kyauta. Na tarar da mata cike da falo, an ɗora wata fitila ta azurfa a kan talabijin, irin ta masunta, ana ta mabruk, wato barka. Kusa da ita akwai littafi mai hotuna. Na buɗe. Ban iya karatun Turawa ba, amma na san fuskar Hajja Azumi, tsohuwar unguwar Ranuna mai shekara casa'in, zaune a kan tabarmarta. Ranar da aka ɗauki hoton nan ni na dama furar da yaron nan ya kai mata.

Na sha gahawa, na ci dabino, na yi mabruk kamar kowa. Da Jabir ya leƙo gaishe ni, na ce a gaban matan ya ara mini littafin da kaset ɗin fim ɗin da ya ciyo masa kyautar, in ga tsofaffinmu. Ba yadda zai hana uwar da ta shayar da shi a gaban mutane. Washegari ya aiko.

A ƙasan gidanmu akwai Malam Abdussamad, ɗalibin jami'a daga Zariya, da matarsa Safiyyatu. Shi ya iya Turanci. Da farko ya ce ba ruwansa da harkar fim. Na ce Safiyyatu ta gaya masa ba fim na kawo ba, kayan mamaci na kawo. Ya zauna bayan labule ya karanta mini tun daga shafin farko.

Bikin Fitila ake kiran abin. Wasu malaman makaranta uku suka fara shi a 1974, a wani rumbun kifi a garin bakin teku. Kowace shekara ake yi, daga kowace ƙasa ake aikowa, kuma ba sa karɓar fim ɗin manyan kamfanoni, sai na wanda ya yi da ƙarfin kansa. A taron farko wuta ta ɗauke, mutane suka ƙi tashi, suka zauna da fitilun masunta har ta dawo, shi ya sa kyautar ta zama fitila. Ta zinariya ta ƙagaggen labari ce, ta azurfa ta fim ɗin gaskiya, ta tagulla ta gajere. A bayan littafin an jera sunayen duk waɗanda suka ci, shekara bayan shekara. Malam yana ta jero sunayen da ko shi da ƙyar yake furtawa, sai ya zo 1983 ya ce nan an ja layi a kan wani suna, an rubuta wani a ƙasa. Na ce ya tsaya. Ya karanta ƙaramin rubutun da ke gefe: an gano fim ɗin ba na mutumin ba ne, aka karɓe fitilar, kuma ba su goge sunansa ba, sun bar shi da layin a kai, ana sake buga shi haka kowace shekara.

Sau uku na sa ya maimaita wurin. Ya tambayi matarsa ko jarrabawa zan zauna.

Sannan ya karanta shafin Jabir. Ga sunansa, shi ya ɗauka, shi ya haɗa. Ya gaya musu shi ne auta cikin bakwai, kuma shekara guda ya yi yana bin tsofaffi da kyamara a kafaɗa. Sunan fim ɗin, in ji Malam, "ɗan fari", amma fari na rashin ruwan sama. Jabir ya ce tsohuwar ce ta laƙaba masa, saboda fari ne ya koro kakanninsa.

Da la'asar na sa kaset ɗin, ni da 'yata Sundus. Jabir ya yi aiki da kyau. Duk inda muryar yaron nan take ya yanke ya sa kiɗa. Duk inda tsoho ya ambaci sunansa ya cire. Ni ma ina ciki, ina miƙa shayi da fuskata a rufe, kuma bai ji tsoron barina ba, don ya san bakina ba ya kiran sunan. Sai can ƙarshe ga Hajja Azumi, ta gama labarin yunwar da suka sha a hanya, ta dubi cikin kyamara da bakinta marar haƙori ta ce, "Kai ɗan fari, ajiye abin nan ka sha fura. Ɗan fari ba ya zama da yunwa a gidana."

Sundus ta fashe da kuka. Ni ban yi ba. Na mayar da kaset baya na sake ji.

Ranar Juma'a na dafa wa Jabir shinkafa da nama, na aika ya zo. Ya ci yana satar kallona. Na ce fim ya yi kyau, sai dai kunnena ya fara nauyi.

"Jabir, me Hajja Azumi take cewa a ƙarshen nan?"

"Walad al-jafaf, ya Ummi." Ya yi ƙoƙari da Hausa don ya faranta mini. "Ɗan fari. Ba ruwa, ba hatsi."

"Da wa take?"

"Da ni. Ni ke riƙe da kyamara."

"Kai ne ɗan farin?"

"Aiwa, ni ne."

Na ƙara masa nama. Na ce ya ci, ya rame a Turai.

Malam ya rubuta wa masu Bikin Fitila wasiƙa. Ya yi musu bayanin kalmar, cewa a bakin tsohuwar ɗan fari shi ne wanda uwa ta fara haifa, kuma su duba littafinsu su ga wanda ya ce da kansa shi auta ne. Muka haɗa da hoton katin iyalinmu, inda yaron nan yake a layin farko, da takardar rasuwarsa. Malam ya ce wannan ya isa, shi zai rubuta sunan, ba sai na faɗa ba. Safiyyatu ma ta ce in bar karata yadda take.

Na ce a'a. Shiruna Jabir ya dogara da shi, ta nan ya shigo.

Na ciro kyamarar daga jaka. Sundus ta ɗora ta a kan tebur ta kunna. Na zauna da abayata, na ce ni Ƙaltume ce matar Balarabe, mai miƙa shayi a fim ɗinku. Na ce wanda ya ɗauki fim ɗin ɗana ne na fari, yana kwance a Baƙi'a. Daga nan harshena ya ƙi motsi. Jar fitilar kyamara tana ta kallona. Sundus ta kai hannu za ta kashe, na girgiza mata kai.

"Sunansa Tahir," na ce. "Tahir Balarabe."

Na ji sunan a bakina kamar ba nawa ba. Na sake faɗa don kada su ce ba su ji ba. Sannan na yi kukan da ban yi ba ranar la'asar ɗin.

Wata biyar ba labari. Daga baya muka ji sun samo wani likita ɗan Maraɗi da ke aiki a ƙasarsu, ya saurari Hajja Azumi, ya ce haka ne. Suka rubuto wa Jabir ya aika da kaset ɗin asali, waɗanda ba a yanke ba. Bai aika ba. Muryar wa za su ji a ciki?

Fatna ta zo gidana da rana tsaka, ba ta ko cire takalmi ba. Ta ce yarinyar da Jabir ke nema iyayenta sun janye, a Azizya yara suna kiransa ɗan fari in ya wuce. Ta ce in rubuta musu in ce kuskure ne, tare suka yi aikin.

"Ƙaltume, nononki ya sha. Ɗanki ne."

"Shi ya sa, Yaya. Da bare ne da na bar shi da Allah."

"Mamaci me zai yi da fitila?"

"Ba fitila nake so ba. Layin nake so."

Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba. Daga ranar ba ta sake gaishe ni ba, shekara talatin na maƙwabtaka ta tafi. Na san za ta tafi tun ranar da na ƙara wa ɗanta nama.

Littafin shekarar 2002 ya iso ta akwatin gidan wayar Malam. Fitilar ta biyo baya a kwali, na ba Sundus ta ajiye a saman kabad. Na riƙe littafin na ce Malam ya nuna mini wurin ta hannun Safiyyatu. Ta ɗora yatsana a kai. Ga sunan Jabir da baƙin layi a tsakiyarsa, ga wani a ƙasa. Sun canja sunan fim ɗin ma, ya koma ɗan fari na haihuwa.

Bayan sati guda na buɗe ƙofa na tarar da kwali a bakin matakala, kaset goma sha ɗaya, ba ko takarda. Zafi bai taɓa su ba. Na sa na farko. Hoton bango ya fito yana rawa, sai murya daga bayan kyamara, tana dariya: "Ummi, matsa kaɗan, kin tare mini haske."

Malam ya aiko Safiyyatu ta gaya mini yanzu da haƙƙi ya koma ga mai shi, yafiya ta fi lada. Na ce ta gode masa. Na ce ta kuma tambaye shi wane wata littafin baɗi zai fito, ina so a aiko mini, in ga ko layin yana nan.