Allura a Ƙirjin Tela

Ni na riga kowa ganin abin da ke cin Tela, ɗan ƙanwata, tun likitoci ba su san da zamansa a duniya ba. Ko sunana ban iya rubutawa, amma mutumin da mota ta kife da shi sau biyu, maciji ya sare shi ya tashi ya kakkaɓe, ya kuma binne sa'o'insa kaf, ya san bambancin ciwo da tsoro. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a bencin ƙofar shagonsa. Na faɗa, aka ce tsufa ne ke damuna. To ga yadda ta kaya.

Yadda ya ba ni labari daga baya, ƙarfe tara na safe ta yi masa a ɗakin likita, yana dukan tebur da tafin hannu.

"Asibiti na huɗu ke nan. Wannan ya danna ni ya ce iska ce, wancan ya ce jijiya ce ta gaji da sunkuyo. Ni ne mai jikin ko ku?"

Likitar ta cire abin sauraron ƙirji daga kunnenta. "Malam, na saurare ka, na auna jininka. Zuciyarka ta fi tawa lafiya."

"To ki riƙe taki. Ni hoto nake so."

Ta dube shi, ta dubi layin da ke ƙofa, ta rubuta masa takardar hoton ƙirji don ta rabu da shi.

Kwana ashirin da uku ke nan da fara abin. Yana kalmasa ƙafar wando, allurar hannu a tsakanin leɓɓansa kamar yadda kowane tela ke yi, sai atishawa ta kufce masa. Da ya buɗe ido, babu allura. Ya share shagon sau uku. Ya ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyo ya bi ƙasa da shi lungu-lungu, ya tsinto allurai bakwai masu tsatsa, ya rantse ba ita a ciki. Washegari wani abu ya tsikare shi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, shi ke nan ya yanke hukunci ya haɗiye ta. Ciwon bayan da ya shekara goma yana zaune da shi lafiya ya zama allura. Kumburin ciki ya zama allura. In kafaɗa ta riƙe, to ta hau sama. In ya kwana a kan hannu ya yi sanyi, ta shiga jijiya.

Ya daina taka keken ɗinki, don a lissafinsa duk taku ɗaya tura ta yake wajen zuciya. Ya ɗaure maganaɗisun da tsumma a damansa don ya janyo ta baya. Kayan makarantar yara sittin na jibge a shago, an yanka ba a ɗinka ba, shugabar makarantar ta aiko sau biyu. Ana gobe zai je wannan asibitin kuma ya kira dillali, ya ce ya zo washegari da rana ya ɗauke keken ya sayar. Keken nan na Yayansa ne, wanda ya koya masa sana'ar, ya kuma rasu bara a kansa da rana tsaka, ƙafarsa na kan mataki. Keken ke ciyar da gidan, babu wani.

A kan wannan suka yi da matarsa da safe. Maɓallin rigarsa ya tsinke zai fita, ya tsaya a tsakar gida yana maida shi, ita tana faɗa, shi yana faɗa, har ya ciji zaren ya zura rigar ya fice bai karya ba.

A ɗakin hoto aka ce ya tuɓe riga. Ya tuɓe. Ya kwance maganaɗisun, ya ajiye makullai. Mai ɗaukar hoton ya kalli maganaɗisun, ya nuna ƙirjinsa.

"Singiletin ma."

"A cikin wannan sanyin na'urar taku? Ka ƙara mini ciwon haƙarƙari a kan wanda nake da shi?"

"To bar ta. Akwai wani ƙarfe a jikinka?"

"Shi na zo ka nemo."

Mutumin ya yi tsaki a hankali, ya jingina shi da allo, ya ce ya ja numfashi ya riƙe. Bayan rabin awa wata ma'aikaciya ta miƙo masa ambulan ta taga, ta ce ya koma wa likita da shi. Ya leƙa, mutum kusan talatin ne a layi. Ya fita harabar asibitin, ya zaro hoton ya ɗaga shi saitin rana.

Ga ta nan. Fara fes, siririya, a karkace a kan haƙarƙarin hagu, har kafar zarenta ana gani.

Za ku ce gwiwarsa ta yi sanyi. Ina. Abin da ya fara zuwa masa fushi ne, mai daɗi kamar na wanda ya ci shari'a. Likita huɗu, mata, maƙwabta, da ni kawunsa, duk mun mai da shi mahaukaci. Ya san in ya koma ciki wuƙa za su sa masa. To kafin nan sai ya fara nuna wa mutanen gida, ya kuma ga an ɗauke keken da idonsa.

A bas ya zauna kamar ya haɗiyi taɓarya, ambulan a rungume. Wani mai ƙiba ya matso shi, ya ce, "Malam, janye gwiwar hannunka, ba ka san abin da ke nan ba." Direba ya faɗa rami, ya ɗaga murya daga baya: "Kai direba, mutane ka ɗauko ko buhuna?" Kwandasta ya ce in mai lalura ne ya ɗauki tasi. Suka yi ta yi har ya sauka, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti.

Ya tarar dillali ya riga shi zuwa da 'yar motar kaya. An kwance kan keken an naɗe shi a buhu an ɗora, saura teburin, don na ƙi ɗage bencina daga ƙofa, dillalin kuma bai isa ya ɗaga ni ba. Matar Tela na tsaye a bakin shago, hannu a ƙugu, idonta ya yi ja.

"Baban yara, ka zo ka gaya wa wannan mutumin ya sauke mana abincinmu."

Ya wuce ta. Ya zaro hoton ya manna shi a gilashin taga inda haske ke bugowa.

"Zo ki gani. Kawu, kai ma taso, tunda kai ne sarkin sani. Ga iskar taku. Ga sunkuyon. Kwana ashirin da uku ina ce muku ina mutuwa, kuna ce mini in sha ruwan ɗumi."

Ta matso ta duba. Ta dafa bango, na ji tana salati can ƙasa-ƙasa. Dillali ya leƙo ta kafaɗarta ya girgiza kai.

"Allah ya sawwaƙe. Ai gara da ka sayar, maigida. Mai wannan a ƙirji ba shi ba keke."

"Ka ji mai hankali," in ji Tela.

Matar ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta juyo ta kalli mijin, ba fuskarsa ba, ƙirjinsa.

"Da riga aka ɗauke ka?"

"Na tuɓe."

"Har singileti?"

"Me ya haɗa ki da singiletina?"

Ta kama wuyan rigarsa ta ɓalle maɓallan a gaban kowa, yana ture hannunta yana cewa ta yi a hankali kada ta motsa ta. Ta sa yatsa biyu a singiletin, daidai haƙarƙarin hagu, ta zaro allura da guntun farin zare a jikinta. Ta ɗora ta a kan hoton. Tsawo ɗaya, karkata ɗaya.

"Wadda ka maida maɓalli da ita da safe," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba, kuma gara ta tashi. "Shekara goma sha shida ina wanke maka kaya. Duba yatsuna. Babu singiletinka da ba ta soke ni ba. Ka gama ɗinki ka soke allura a ƙirji, ko kana barci haka hannunka zai yi."

Dillali ya fara dariya, na kalle shi, ya mai da ita tari.

Tela ya tsaya, riga a buɗe, yana kallon allurar. Na ga kunya ta hau masa, na ga ya haɗiye ta, sai fushin ya dawo ya fi na da.

"To, wannan ta yau ce. Ta farkon fa? Ƙila ta gangara hanji, hoton bai kai can ba. Gobe zan je a ɗauki cikin."

A nan ta fashe.

"Gobe ciki, jibi ƙafa, gata kai. Ka je a ɗauki har inuwarka. Yaranka uku suna tafiya a gidan nan kamar ɓarayi, kada su yi motsi Baba ya mutu. Ƙaramar jiya ta tambaye ni wai in ka rasu wa zai riƙa kai ta makaranta. Shekararta shida. Kai ba ka mutu ba, ba ka bar mu mun rayu ba. Yanzu kuma keken Yaya za ka ba wannan ya kai kasuwa, mu ci me? Hoto?"

"Ciwon yana nan," ya daka mata tsawa, yana dukan haƙarƙarinsa da ya kwana ashirin da uku yana lallaɓawa. "Yana nan yanzu haka. Ƙarya nake?"

"Ban ce ƙarya kake ba. Ni ma bayana na ciwo tun haihuwar fari. Kawu gwiwarsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa."

"Gwiwata lafiyarta lau," na ce, amma ba wanda ya kula ni.

"Kowa da inda ke masa ciwo, Baban yara. Wa ka ga ya rufe shago?"

"Yaya bai rufe ba," in ji shi. "Ina yake?"

Ya zauna a kan tarin kayan makarantar, ya sunkuyar da kai.

"Ran nan da safe ya ce mini ƙirjinsa na masa nauyi. A nan, ina tsaye inda kike. Na ce masa iska ce, ya sha ruwan ɗumi, muna da aiki. Ni na faɗa masa. Kafin azahar ya kife a kan keken."

Shekara guda yana ɗauke da wannan, ko ni bai gaya wa ba, ko da yake na sani. Matar ta sauke hannunta daga ƙugu. Fushin bai bar fuskarta ba, amma ta je ta zauna kusa da shi a kan kayan.

"Ka gaya wa likitocin haka?"

"Allura na gaya musu."

"To allura suka nema. Gobe za mu koma wurin ta yau, ita kaɗai, ba na biyar ba. Ni zan raka ka. Ka gaya mata Yaya, ka gaya mata yadda ya tafi, ta duba zuciyar taka da wannan a ranta. Abin da ta ce, shi ke nan, mun tsaya a kai. Ka yarda?"

Dillali ya duba agogo ya ce shi fa yana da wani wurin, a ɗage masa benci ya fitar da tebur. Tela ya ɗago ya daɗe yana kallon buhun da ke bayan motar.

"Sauke shi."

"Maigida, mun gama magana jiya. Na sha mai, na bar ciniki."

"Na ce sauke shi. Kuma ka riƙe shi ta ƙasa, ba ta wuya ba, kada ka karya mini shi."

Dillali ya sauke yana ƙunƙuni, yana cewa daga yau ko gidan na cin wuta kada a kira shi. Tela ya maida kan keken a teburinsa, ya ɗaura bel, ya ɗiga mai. Ya ɗauko wandon farko cikin sittin ya sa a ƙarƙashin ƙafar keken. Ya ɗora ƙafarsa a kan mataki ya tsaya, hannunsa na hagu ya tafi haƙarƙari da kansa. Matar na kallonsa. Ya ja numfashi, ya sauke hannun, ya taka.

Kada wani ya ce muku ya warke, ni ba na ƙarin gishiri. Sun je wurin likitar, ta ƙara aune-aunenta, ta ce zuciya lafiya, ta sa masa ranar dawowa duk wata uku, yana kuma zuwa yana faɗa da ita. Har yau keken kan yi shiru a tsakiyar ɗinki, sai in ji ya yi tsit yana sauraron jikinsa, sannan ya ci gaba. A makon farko sau ashirin nake ƙirgawa kafin azahar. Jiya sau uku ne. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo ya zauna daga safe ya ƙirga da kunnensa, in ya samu huɗu in ba shi sandata. Sai dai ya taho da kujerarsa, bencin nan mutum ɗaya yake ɗauka.