Sati Ɗaya a Kowace Shekara

Ba marmari ne ya kai mu Las Vegas ba, ni da mijina Wendell. Wani kamfani ne ya ba mu kwana biyu kyauta a otal, bisa sharaɗin mu zauna awa ɗaya da rabi a tallata mana haja. Hajar kuwa kowa a garinmu Bakersfield ya san ta: ka sayi sati ɗaya a wani gidan hutu, ya zama naka duk shekara, kai kuma ka yi ta biya har ƙarfinka ya ƙare. Sharaɗi na biyu, mata da miji su zo tare, lasisinsu na tuƙi yana nuna adireshi ɗaya. Namu yana nunawa, amma zuwa ranar Litinin kawai.

Ranar Litinin ɗin zan koma Tucson wajen yayata Maxine, kuma ba ziyara za ni ba. Shekara talatin da huɗu muna tare, ba duka, ba zagi, ba wata mace a waje. Gajiya ce kawai ta kama ni. Wendell mutum ne da in kika ce masa "mu je", kafin ki rufe baki ya ce a'a. Bakin teku a'a, bikin 'yar ƙanwarsa a'a, ko gidan cin abincin da aka buɗe a bayan layinmu a'a. Ranar da na gaya masa zan tafi yana kwance ƙarƙashin famfon kicin. Ya ce "To," ya ci gaba da juya sifana. Wannan "to" ɗin ta fi duk a'ar da ya taɓa yi ƙona mini rai.

Tun kafin wannan magana na yi mana rajistar tafiyar, ni kuwa ba na barin kyauta ta wuce ni. Na ce bari a'arsa ta yi mini amfani ko sau ɗaya ne.

A kan hanya, a garin Barstow, muka tsaya shan kofi, na ƙara ja masa kunne.

"Ka dai san aikinka. Duk abin da suka ce, a'a. In sun kawo na biyu, a'a. In sun kawo manaja ma, a'a."

"Lorraine, yau na fara?"

"Shi ya sa na taho da gwani ai."

Asabar ɗin ta wuce lami lafiya, har abin ya so ya ba ni haushi. Muka ratsa zauren caca don isa ɗakinmu, domin wata hanyar babu. Mutane sun duƙufa kan injina, ƙararrawa na ta kuka, shi kuwa Wendell kansa na sama yana kallon inda iskar sanyi ke fitowa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, duk inda ya shiga ita yake fara gaisarwa. Na zauna na danna wani inji mai hoton ɓauna har ya cinye abin da na ba shi, shi yana tsaye riƙe da jakata. Da muka je cin abincin rana ya ɗebo ƙafafun ƙaguwa, ya yi ta fasawa yana tura mini naman a faranti, saboda ya san yatsuna na ciwo. Ni kuwa ban yi godiya ba.

Lahadi da hantsi motar kamfanin ta kwashe mu. Aka haɗa mu da wata yarinya mai suna Brielle, mai fara'a kamar ta san mu tun muna yara.

"Mista Pruitt, Madam Pruitt, yaushe rabonku da fita hutu ku biyu?"

Na dubi Wendell, ya dubi takalminsa.

"An ɗan jima," na ce.

"To nan da shekara goma fa, a ina kuke so a gan ku?"

"In muna da rai dai," na ce, don a wuce wurin.

Ta zagaya da mu ɗakin gwaji: gado kamar fili, kicin da ba a taɓa soya ko ƙwai a ciki ba, sai baranda mai kujeru biyu suna fuskantar jajayen duwatsu. Muka fito, muka waiga ba Wendell. Yana can barandar ya dafa kujera ɗaya, sai da Brielle ta koma ta kira shi.

Muka dawo babban ɗakin da aka jera tebura, kowane da mata da miji da mai talla. Duk sanda wasu suka sa hannu sai a kaɗa ƙararrawa, ma'aikata su yi tafi. Brielle ta baza takardu ta yi ta zuba, ni kuwa na gyara zama ina jiran gwani ya yi aikinsa.

"Watan Oktoba akwai?" in ji Wendell.

"Akwai, yallaɓai, sati na biyu."

"Na mutum biyu?"

"Ƙwarai kuwa."

"Miƙo biro."

Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, bai ko motsa ba. Yarinyar ba wawa ba ce, ta ga fuskata, ta ce bari ta ba mu minti biyar mu yi shawara.

"Zafin rana ne ya taɓa ka?" na ce, ina danne murya. "Ka san abin nan ba a fita daga cikinsa. Abokinka Carl da matarsa shekara nawa suna neman wanda zai karɓa ko kyauta?"

"Ke kika ce ba na kai ki ko'ina."

"Gobe zan tafi, Wendell."

"Na sani. Amma Oktoba ai da saura."

Sai a lokacin na fahimta. Mutumin nan ya gwammace ya ɗaura wa kansa wahalar shekara ashirin a wuya da ya buɗe baki ya faɗa mini kalma uku. Haushi da tausayi suka taso mini tare, na rasa wanda zan fara haɗiyewa.

Brielle ta dawo, na ce a'a. Ta kira wani mai ƙaton agogo ya rage farashi, na ce a'a. Manaja ya zo da kansa, ya ce ai maigida ya riga ya yarda. Na ce to maigida ya yi kuskure, kuma ba na sa hannu. Ashe abin da wuya haka. Sai da na jiƙe da gumi duk da sanyin ɗakin. Suka sallame mu ta ƙofar baya, ba tafi ba ƙararrawa.

A waje rana ta take, muka raɓe a inuwar bango muna jiran mota.

"Me ya hana ka tambaye ni kawai?" na ce.

Ya daɗe yana murza hularsa.

"In na tambaye ki, ni za ki ce wa a'a. A can ciki kuwa su kika ce wa."

"To tambaye ni."

Ya juya ya kalli titi. Wata mota ta wuce, ba tamu ba.

"Kada ki tafi," ya ce, ba ni yake kallo ba.

Na so in ce na fasa, amma da na yi ƙarya. Na ce masa zan tafi, Maxine ta riga ta gyara mini ɗaki, kuma ina bukatar in numfasa. In sati biyu sun cika, in yana so, ya zo. Ba waya ba, ba saƙo ta bakin 'yarmu ba, shi da kansa, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Da nisa fa," na ce. "Kai da ba ka son doguwar hanya."

"Awa tara ne da 'yan mintoci in na bi ta Blythe," ya ce. "Tun ranar da kika faɗa mini na duba."