Yaɓen Goggo Yelwa

"Goggo, don Allah ki fito daga cikin lakar nan," in ji Naja'atu.

Goggo Yelwa ba ta daina tattakawa ba. Ta tattare zani zuwa gwiwa tana cuɗa laka da ƙaiƙayi, kamar yadda take yi kowace bazara kafin ruwan fari, tun da mai gidanta ya rasu.

"In kika yaɓe shi yanzu, sabon haɗin ba zai kama ba. Siminti na hanya."

"Tun azumi yake hanya, 'yar boko. A bayan kunkuru aka ɗoro shi?"

Naja'atu ta yi dariya, kunya ta kama ta. Digiri na biyu take yi a fannin zanen gine-gine, ta kama ɗaki a Sule Tankarkar, katanga ɗaya da Goggo. Bincikenta a kan gidajen ƙasa ne da ke zubewa da damina, kuma da masu gidajen ake yin sa. Su suka zauna a ƙofar mai unguwa suka ce a fara da ɗakin Goggo, domin bangonsa na gabas ya tsage har hannu na shiga.

"Ki ba ni mako guda kawai, Goggo."

Tsohuwar ta dubi sama, ta dubi yarinyar. Sannan ta fito, ta ɗauraye ƙafafunta da buta.

"To. Kar a ce na kunyata baƙuwa."

Mako ya wuce. Takardar sakin kayan ta maƙale a wani ofis, kullum sai a ce gobe. Maƙwabta suka gaji, kowa ya yaɓe nasa, aka bar na Goggo tsirara saboda shi ne na gwaji.

Ran Alhamis Naja'atu ta je Gumel bin sawun kayan. Tana tasha bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ta hau babur, ruwa na dukanta har gida. Ta tarar da maza cikin tsakar gidan Goggo suna tone ƙasa da fartanya da hannu. Bangon gabas ya kwanta a kan gadon. Goggo ta shiga ne ta ɗauke buhun geronta daga yoyo.

Manu, ɗanta mai lodi a Maigatari, ya iso an riga an yi mata sutura. Naja'atu ta durƙusa gabansa.

"Tashi, Malama," ya ce, bai dube ta ba. "Kwana ne ya ƙare. Na ce zan zo in yaɓe mata, ta ce ta yi wa 'yarta 'yar boko alkawari."

Ranar sadakar uku mota ta tsaya a ƙofar gida, ana tsakiyar addu'a. Direba ya leƙo.

"Ina za a sauke simintin?"

Naja'atu ta tashi ta zaga bayan kangon. Lakar da Goggo ta bari tana nan, ta bushe ta sake jiƙa. Sawun ƙafafunta biyu na ciki, ƙanana, cike da ruwan sama, wata kaza na sha daga ɗaya.